Audugar da Maigidana Ya Shafe Ɗaki da Ita

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara. Kaina ya kulle, kuma duk wanda na nufa da maganar a gidan nan sai ya riga ni kuka.

Maigidana bai daɗe da rasuwa ba. Aikinsa tun yana saurayi shi ne lulluɓe bututun tururi a masana'anta. Akwai wani farin abu da ake kawo musu a buhu, su kwaɓa da ruwa su shafe bututun don kada zafi ya fita. Su dai auduga suke ce masa. To wa ke tsoron auduga? Kullum sai ya dawo kai fat, gira fat, har na raɗa masa suna Farin Tsoho alhali ko furfura ɗaya ba shi da ita. In ya shigo in ce tsohona ya dawo, shi kuma ya rankwafa yana neman sanda, yara suna ta ƙyalƙyala dariya. Sai in karɓi rigar aikin in kakkaɓe a tsakar gida kafin in jiƙa.

Ya bar aikin da daɗewa, masana'antar ma an rufe ta. Bara numfashi ya fara gagararsa. Mutumin da ke hawa tsani da buhu a kafaɗa ya koma ko takalmi zai sa sai ya huta. Likita ya tambaye shi sana'arsa, da ya ji sai ya ce audugar ce ta lalata masa huhu. Ranar muka san audugar nan sunanta asbestos. A zaune ya cika, Anti, don kwanciya ta gagare shi.

Yanzu ga abin da ya hana ni sakat. Muna da ɗakin baya da rana ke duka. Lokacin yara na ƙanana ya roƙo ragowar buhunan, ya shafe rufin daga ciki da hannunsa don su samu barci. Har yau ɗakin ya fi ko'ina sanyi. A kusurwa akwai shatin tafin hannunsa, yatsu biyar ras. Nakan shiga in tsaya ina kallo. Jikokina can suke kwana in sun zo. Gefe ɗaya ya fara marmashewa, ina share farin gari a bakin taga.

Babban ɗanmu ya rantse zai zo da guduma ya farfashe rufin, wai abin da ya kashe ubansa ba zai ƙara kwana a gidan ba. Na ce sai dai ya fara da ni. Ya ce ashe na fi son rufin ɗaki a kan jikokina. Wallahi maganar ta soke ni. Ni fa abin da ya rage mini na mutumin nan ke nan. In bar shi ya fasa, ko in tsaya a kan bakana?

Matar Farin Tsoho

Yaya, Allah ya jiƙan maigida, ya ba ku haƙuri. Na ji ciwonki, na ji na ɗanki. Rashi ɗaya ne ke cin ku, shi ya fito masa da fushi, ke ya fito miki da riƙo. Amma duk ku biyun kuna gab da kuskure.

Ɗanki ya yi gaskiya, yara ba za su ƙara kwana a ɗakin ba, tunda abin ya fara zuba. Sai dai gudumar ita ce babban haɗarin. Asbestos ya fi ɓarna idan an fasa shi, don siraran zarensa kan tashi cikin iska, ido ba ya gani, ƙyalle a hanci ba ya tarewa, kuma in ya shiga huhu yakan yi shekaru masu yawa kafin ya nuna kansa. In ya fasa, shi zai fara shaƙa, sannan gidan gaba ɗaya.

Ki rufe ɗakin yau, ƙofa da taga. Ki daina shara a ciki, tsintsiya tayar da shi take yi. Ku nemi ma'aikatan lafiyar muhalli su haɗa ku da waɗanda suka san aikin cire shi da kayan kariya. Wannan hidimar ki ɗora wa ɗanki, ya samu inda zai sauke fushinsa.

Akwai kuma abin da ba ki tambaya ba. Ke kika yi shekaru kina kakkaɓe rigar nan, yara suna kusa. Ki je asibiti, ki faɗa wa likita haka dalla-dalla, su ma su je. Ba kowa ne ke kamuwa ba, amma gara a sani. Mai shan taba a cikinsu ya bari.

Shatin hannun kuwa, a ɗaukar miki hotonsa daga bakin ƙofa kafin a rufe. Mutumin nan don yara su kwana lafiya ya hau ya shafe rufin. Da ya san abin da ke cikin buhun, da shi zai fara fitar da jikokinsa daga ɗakin. Ki yi masa abin da zai yi.

Allah ya ba ku lafiya, ya sanyaya zuciyarki.