Gaɓa ta Ashirin da Huɗu

Talata, 5 ga Nuwamba

Shekarata sittin da ɗaya, yau aka zaunar da ni da fensir kamar ɗan aji ɗaya. Sedlak, mai makarantar rawar da nake kaɗa wa piyano, ya ce daga Fabrairu lasifika zai riƙa kunna wa ɗalibai. Shekara talatin da huɗu, ya sallame ni yana tauna burodi. Aiki ɗaya ya rage mini a duk Viyana, mai kaɗa wa mawaƙa a makarantar kiɗa ta unguwa, su kuma sai da takardar jarrabawa. Zan ɗauki walsa ɗaya, kiɗan rawar nan tamu mai bugu uku-uku, in fayyace yadda sautukanta ke haɗuwa, gaɓa-gaɓa kamar yadda aka yanka kiɗan a takarda, a gaban malamai uku.

Wadda za ta shirya ni sunanta Wiebke. 'Yar Hamburg ce, ba 'yar garin nan ba. Daga cikin mutanen can da ke rawa kamar masu ɗaukar katako, ita ce za ta koya mini walsa.

Talata, 12 ga Nuwamba

Ta ce in rubuta lambar Romawa a ƙarƙashin kowace gaɓa. Haɗin sauti na ɗaya shi ne gida, na huɗu fita ce, na biyar shi ke jan kunne ya koma gida. Na ce mata hannuna ya san wannan tun uwarta na goye da ita. Ko gezau. Ta ce, "Malam Prohaska, hannunka ba zai yi magana a gaban malamai ba, bakinka ne zai yi."

Gahawar da take dafawa ma ruwa-ruwa ce.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Na zaɓi tsohuwar walsar da muke rufe kowane aji da ita. Ko a barci aka tashe ni zan kaɗa ta. In ga abin da za ta tsinta.

Talata, 19 ga Nuwamba

Ta tsinta.

Na kaɗa mata daga farko zuwa ƙarshe, idona a taga, don mu masu kaɗa wa rawa ba ma kallon takarda, ƙafafu muke kallo. Ta yi ƙorafi wai bugu na biyu yana riga lokacinsa. Na ce haka ake yi a nan, in ba ta sani ba ta je ta tambayi direban tasi. Wannan ta bar mini. Sai ta ɗora yatsa a gaɓa ta ashirin da huɗu, ta ce in karanta abin da hannun hagu ke yi. Na ce gida mana, bayan na biyar ai sai gida. Ta ce in karanta, ba in tuna ba.

Na shida ne a rubuce. Ba gida ba.

Na ce kuskuren masu buga littafin ne. Ta sauko da littattafan walsar bugu uku daban-daban daga kan kanta, ta jera mini su, duk na shida ne a ciki. Wannan ya fi zagi ciwo. Na ɗauki hulata na fita, saura minti ashirin a tashi.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Daga marigayi Swoboda na gaji kujerar piyanon makarantar rawar, daga shi na gaji walsar, da kunne. Yakan ce a ɗakin rawa haɗi uku sun isa, ƙafa ba ta jin na huɗu, kuma duk ƙarshen jimla ka sauke mutane a gida su san inda za su juya. Mutumin ya kaɗa wa rabin garin nan rawarsu ta farko. Yanzu wata mai tabarau ce za ta ce bai iya ba?

Ba zan koma ba.

Talata, 3 ga Disamba

Na koma. Jarrabawa ce ta mayar da ni, ba ita ba.

Ta nuna mini abin da ya sa ba wanda ya taɓa kama ni. Sautin da hannun dama ke riƙe da shi a wurin yana cikin haɗi na ɗaya, yana kuma cikin na shida, saboda haka duk wanda ka ɗora masa zai zauna. Bambancin a ƙasa yake. Maimakon ƙaramin yatsan hagu ya koma gida, sai ya haura maɓalli ɗaya kawai, nan take komai ya yi duhu. Ta ce kunne ya riga ya sa rai, sai a hana shi, ya jira gaɓa huɗu kafin a ba shi.

Na ce masu rawa ba su zo a hana su komai ba. Ta ce, "Shi ya sa kake gudu a gaɓa huɗun nan. Ka riga ka isa gida, ba ka san me za ka yi da su ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Gaskiya ne, kullum nakan hanzarta a wurin, na ɗauka surutu ne wanda ya rubuta walsar ya ƙara.

Laraba, 4 ga Disamba

Muguwar mata.

Lahadi, 15 ga Disamba

Na gwada shi a gida bayan na ci farfesun gulash, ba kowa sai ni. Hannu ya ƙi. Sau goma sha ɗaya yana komawa inda ya saba. A na goma sha biyu ya haura, sai gaɓa huɗun suka zauna da kansu, ban ma yi tunanin gudu ba.

Na rufe piyanon na daɗe a zaune. Kunya na ji, da haushi. Shekara talatin da huɗu ina toshe wa marubucin walsar nan baki a daidai inda ya so ya yi kuka. Ban san wa zan zaga ba, Swoboda yana kabari.

Alhamis, 16 ga Janairu

Jarrabawa. Lambobi sun tafi daidai. Da suka ce in kaɗa, ina kaiwa gaɓa ta ashirin da huɗu hannun nan ya ci amanata, ya sauka gida. Ba na jin sun lura, ɗayansu ma rubutu yake yi. Da na wuce da shi ke nan.

Na tsaya. Na ce ba haka yake a rubuce ba, na kaɗa musu duka biyun, na gaya musu abin da na farkon ke kashewa. Babbar cikinsu ta tambaye ni wa ya shirya ni. Da ƙyar sunan ya fita.

Litinin, 20 ga Janairu

Na ci. Zan fara aiki ranar uku ga wata. Sedlak ya riƙe lasifikarsa.

Talata, 21 ga Janairu

Darasi ya ƙare tun makon jiya, na sani. Amma a walsa biyu kawai na ƙara samun wurare bakwai irin wancan, uku ban gane lambarsu ba. Ƙarfe huɗu ta buɗe ƙofa ta gan ni da takardu a hamata. Na ce mata hanya ce ta biyo da ni ta nan. Sai ta jawo kujera ta biyu.

Tiram biyu na hau, jiragen ƙasan cikin gari, kafin in iso ƙofar nan.