Baba da ɓaunar Dindir

Zuwa ga yayana Bilyamin, a Jidda.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Sawsan da jaririyarku Rayan. Allah ya ƙara muku lafiya, ya raya mana ita. Mu nan Mai Wurno kowa ƙalau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yi mana faɗa.

Maganar idon Baba ce ta sa na rubuto. Ka san yanar nan ta kusa rufe masa ido biyun. Likita a Madani ya ce jinkiri ba zai yi mana kyau ba, shi kuwa ya kafe ba mai sa masa wuƙa a ido, wai yana gani sarai. Na yi lallashi, na yi kuka, duk a banza. Ana nan sai maigidana Izzuddeen ya tashi kai wa masu gadin dajin Dindir kaya, ya ce mu raka shi. Baba ya riga kowa shiga mota. Ai ka tuna ɓaunar da ta kore shi yana saurayi, wadda kullum ya ba da labarinta sai ƙahonta ya ƙara tsawo.

Yaya, dajin nan sai wanda ya gani. Birai zaune a bakin hanya kamar masu jiran bas, zabi ko'ina, barewa na tsalle a gabanmu. Da hantsi wani mai gadi ya tsayar da mu kusa da tabki, ya ce mu yi shiru. Ga garken ɓauna suna shan ruwa, har muna jin hucinsu. Baba ya miƙe, ya nuna hagu, yana yaba girman wata ɓauna. Kututturen itace ne da gobara ta ci, ɓaunayen kuwa suna ta dama. Ba wanda ya yi dariya, ni dai hawaye suka zubo mini. Mai gadin, bawan Allah, ya dafa kafaɗarsa ya juya shi a hankali. Baba ya daɗe a tsaye, sannan ya ce warinsu bai canza ba, amma shi duhu kawai yake gani yana motsi.

A hanyar dawowa ko shayi bai karɓa ba. Sai da muka shigo gari ya tambaye ni yaushe likitan nan yake zama. Yanzu an sa mana ranar aikin idon. Ya ce kafin damina ta rufe hanya a mayar da shi dajin, don shi da ɓaunar nan ba su gama ba. Ka taya mu addu'a, zuciyata cike take da fata.

Inna, Gwaggo Hasina da Kawu Mamuda suna gaishe ku. Baba ya ce ka daina aiko hoton Rayan a waya, ashe bai taɓa ganin ko ɗaya ba, yabawa kawai yake yi. Ka kawo masa ita da kanka, yana son ya ga ko hancinsa ta ɗauko.

Ƙanwarka,
Rabi'atu