Zbigniew, Mai Kawar da Fushi

Lipie, 20 ga Mayu, 1984

Zuwa ga Yaya Leokadia,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya ciwon gwiwar?

Ina yi miki albishir, matar ɗana Rysiek ta sauka, an samu namiji, sun sa masa Zbigniew. Limamin cocinmu ya ce sunan kakanni ne tun kafin zuwan Kiristanci, ma'anarsa mai kawar da fushi. Ba a banza Rysiek ya zaɓe shi ba. Kin san tun da ya sare tsofaffin itatuwan tuffa na kakansa don dasa sabon iri, ubansa, mijina Bronek, ya kore shi, ko a coci ba ya kallon inda yake. Da sunan nan haƙuri Rysiek yake ba ubansa.

Na kai wa Bronek labari cikin ɗoki. Ya dubi kalanda, inda kowane suna ke da ranar bikinsa a shekara, ya ce, "Ranar sunan nan a Maris take. Wane sakarai ke raɗa wa jariri sunan da ranarsa ta wuce? Ya ja yaro baya ke nan, ba zai girma ba. Ya gama da itatuwa, ya koma kan ɗansa." Na ce, "Haba tsoho, ka ji ma'anar mana!" Ya ɗauki hularsa ya fice. Ni kaɗai na je baftisma, Yaya, ina ta haɗiye kuka.

Taki har kullum,
Genowefa

Lipie, 9 ga Disamba, 1984

Yaya Leokadia,

Ina gaishe ki, da fatan sanyin bana bai kwantar da ke ba. Na gode da ta'aziyya.

Kin tambaya ko Bronek da Rysiek sun shirya kafin rasuwar. Ina! Da jikin Bronek ya yi tsanani Rysiek ya zo da jaririn, ɓulɓul da shi, har ya fara zama. Mai taurin kan nan ya juya fuska bango har suka tafi. Sai da ƙarar motarsu ta ɓace ya ce da ni, "Gienia, yana dai girma?" Na ce yana girma. Na roƙe shi in aika su dawo, ya sake juya fuska bango. Kashegari ya cika.

Na gaji, Yaya, ban kuma ga wanda zan ɗora wa laifi ba. A bakin kabari na miƙa wa jaririn hannu na ce, "Zo nan, Zbyszek," wato Zbigniew a taƙaice. Rysiek ya ce, "Mama, kar ki ƙara kiransa da sunan nan, bai kawar da fushin kowa ba." Yanzu da sunansa na biyu suke kiransa, Marek. Ni ma bakina ya fara sabawa.

Ƙanwarki,
Genowefa