Kujerar Jar Fitila

Landan, 29 ga Yuni, 1937

Yaya Hilda,

Gaisuwa mai tarin yawa gare ki da Baba. Yaya ƙafar tasa? Ina fata ya daina hawa tsani, ko da yake na san halin kayana.

Kin ce in bar aikin haɗa masu kiran waya in dawo gida. Ba zan dawo ba, Yaya. Na san gobarar bara waccan ce ke ranki. Ranar nan fitilun masu kira sun cika allona, dukansu farare, ba ka sanin mai gaggawa, doka kuwa ta ce bi da bi. Na haɗa wata da mai ɗinka mata hula, na haɗa wani da mahauci. Da na iso kan mutumin da ke kira saboda gobarar sai ya ce, "Bar shi kawai, 'yata, rufin ya riga ya rufta." Har yau muryarsa na kunnena.

Gobe za a buɗe sabuwar lamba, tara-tara-tara. Wanda duk ya juya ta a wayarsa, jar fitila za ta kama, jiniya ta yi kuka, a bar kowa a amsa masa. Ni na roƙi kujerar amsa wannan lamba da bakina. Shugabarmu, Madam Ogilvy, ta harare ni ta saman tabarau ta ce, "Gwajin wata ɗaya. Kuskure guda, ki tattara ya-naki-ya-naki." Ko a jikina.

Taki har kullum,
Muriel

Landan, 24 ga Yuli

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Na gode da zumar.

Jiniyar nan bala'i ce. Ranar farko Beryl, da ke zama kusa da ni, ta juye shayi a cinyarta tana cewa, "Wannan ai sai ta ta da na kabari!" Ƙarshe dai ƙwallo aka cusa wa jiniyar a baki. Masu kiran kuma rabi 'yan gwaji ne, shi ya sa Madam ta rubuta doka a bango: ki tambaya sau uku, in shiru, ki zare layi.

Ranar Talata da hantsi fitilar ta kama. Na tambaya sau uku, shiru. Beryl ta zungure ni, "Zare mana, sarkin taurin kai, wani ɗan iska ne!" Madam na tsaye a bayana. Ban zare ba. Na kasa kunne, sai na ji ƙwas, ƙwas, kamar ana buga zobe a jikin waya. Na nemo adireshin layin, na tura 'yan sanda da motar asibiti.

Madam ta ce, "A gabana kika karya doka. In suka tarar ba komai, yau kika gama." Na ce na yarda.

Ashe wata tsohuwa ce, Madam Tilbury. Iskar gas ta murhunta ce ta shaƙe ta har murya ta ɗauke. Sai da aka ɓalle ƙofa aka fito da ita. Shugabarmu ba ta yabe ni ba, amma ta goge dokar daga bango, kujerar kuma ta zama tawa.

Jiya tsohuwar ta kira ta ce a ba ta ni. Na gyara zama ina jiran godiya. Sai ji na yi, "Ke ce marar kunyar da ta sa aka farfasa mini ƙofa? Mijina ne ya yi mata fenti da hannunsa!" Minti biyar tana wanke ni tas.

Ban katse ta ba, Yaya. Na bar ta ta zage ni son ranta, hawaye na zuba a kan allo, don tunda nake aikin nan ban taɓa jin murya mai daɗin tata ba.

Ki shafa mini kan Baba.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Muriel