Tagar Inna da Shirun Auta

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum, tare da gaisuwa mai tarin yawa daga gida. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya kai da iyalinka, Ya ƙara maka buɗi, Ya kuma yaye maka ciwon bayan nan da zaman kujera ya jawo maka. Mu nan lafiya lau. Baban yara ya warke daga murar da ta kwantar da shi, ya koma shago. Babbar 'yarka ta fara koyon ɗinki a hannuna, allura dai tana shan wahala, amma hannun yana faɗawa. Ƙafar Inna da sauƙi. Sauran labarinta shi ne dalilin wannan takarda, kuma na zaɓi rubutu ne don in na kira ka a waya dariya kake yi, ni kuwa yau ba ta dariya nake ba.

Ka san tun da kamfaninsu ya rage ma'aikata Auta ya rasa sukuni. Barci ya ƙaurace masa, abinci sai an yi da gaske, magana kaɗan sai faɗa. Kai ka tausaya masa ka turo masa karatun wani malami mai koyar da zaman shiru da lura da numfashi, har da matashin zama mai tudu. Ban ƙi ba. Duk abin da zai sa mutum ya natsu ya yi tafakkuri ya tuna Mahaliccinsa, ina maraba da shi. A farko har addu'a na yi maka, don ƙanin namu ya daina buga mana ƙofofi. Amma Yaya, zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, shi ya sa kai na fara nufa da ƙorafina.

Yanzu kullum gari ya waye sai na tarar da saƙonsa a waya, hoton fitowar rana da 'yar hikima a ƙasa, alhali shi ko labule ba ya ɗagawa ya ga ta gaske. In na yi masa faɗan ya bar kofin shayi a kan yadin mutane, sai ya lumshe ido ya ce fushina gajimare ne, zai wuce. Ya cire batirin agogon falo, wai ƙararsa tana tsinka masa tunani. Keken ɗinkina da ka san a falon Inna yake don in riƙa aiki ina lura da ita, ya sa masa doka: kada ya motsa sai hantsi. Duk na shanye, na ce haƙuri maganin zaman duniya, sai in zauna ina sa maɓalli da hannu kamar wadda aka yi wa horo.

Abin da na kasa shanyewa shi ne ɗakin. Wata safiya ya bi gidan ɗaki ɗaki yana kasa kunne, ya yanke cewa na Inna ya fi ko'ina natsuwa, ya je ya durƙusa ya roƙe ta. Yaushe Inna ta taɓa ce wa Auta a'a? Kafin in iso an mayar da gadonta ɗakin baya na kusa da sito, wanda tagarsa ke kallon bangon maƙwabta. Kai ka daɗe ba ka kwana gida ba, bari in gaya maka abin da tagar can take a wurinta. Tun rasuwar Baba, in ta idar da sallar asuba sai ta ja kujerarta bakin tagar da carbinta, ta ɗage labule. Mai sharar titi zai wuce su gaisa, sai mai burodi, sai wata ma'aikaciyar asibiti mai tsohon ciki da ke dawowa daga aikin dare, sai 'yan makaranta. Kowa da addu'ar da take bin bayansa da ita. Tana marmasa wa tsuntsaye burodi a bakin tagar. Ta taɓa ce mini duk wanda ta ga ya wuce da ƙafafunsa, ni'ima ce guda da take gode wa Allah a kanta. Ba wanda ya turo mata karatu, ba ta da matashi mai tudu.

Tun da aka raba ta da tagar nan Inna take ƙanƙancewa a idona. Abincin safe sai ta taɓa ta ture. Hira ta ragu. Ba ta ma zama a sabon ɗakin, sai ta jawo kujera ta zauna a lungun ƙofar tsohon, fuskarta ga bango, carbi kwance a cinya. Na sami Auta na yi masa magana cikin lalama, sai ya ce malaminsa ya ce tushen damuwa shi ne zuciya ta manne wa abu, don haka alheri ne Inna ta koyi rabuwa da taga. Na ce to shi ya fara nuna mana misali ya rabu da ɗakin. Ya ce zai yi mini uzuri, don ban kai matakin fahimta ba. Yaya, da almakashi a hannuna a lokacin, sai na ajiye shi na fita waje na sha iska.

Shekaranjiya kuma sai ga mai burodi a ƙofar gida, ya cire hula ya riƙe, murya ƙasa ƙasa. Wai ya ga labule a rufe kwana da kwanaki, ya tambayi mai shara shi ma bai gan ta ba, shi ne ya zo ya yi mana gaisuwa, ya ce a yafe masa bai ji da wuri ba. Ta'aziyyar Inna, tana zaune da ranta a lungu tana ji! Raina ya ɓaci yadda ban taɓa ji ba. Na wuce ta na tura ƙofar ɗakin ba sallama. Labule a ja, ɗaki duhu, waya tana ta fitar da kukan tsuntsaye na ƙarya, na gaske kuwa suna waje suna tsattsagar gilashi don neman burodinsu. Mai neman matakin fahimta yana kishingiɗe, matashinka a ƙarƙashin kai, baki buɗe, yana sharar minshari.

Na buɗe baki zan tayar da gidan sai na ji an riƙe mini zane. Inna ce. Ta jawo ni waje, ta mayar da ƙofar a hankali, ta ce: "Na sani tun ranar farko, ai ni na san numfashin ɗana. Tun da aka sallame shi bai runtsa ba sai a ɗakin nan. Ki bar shi ya yi barci." Ashe zaman lungun nan gadi take yi, kada wani ya tashe shi. Na koma kan keke na zauna ina hawaye, rabi tausayi rabi takaici, don na rasa wanda zan yi wa faɗa a cikinsu.

To Yaya, kai ka ƙulla, kai za ka kwance. Maganata ta zama gajimare, amma taka yana ji. Ka kira shi a makon nan. Kada ka ambaci minsharin, kunya za ta sa ya ƙara taurin kai. Ka ce masa ya mayar da gadon Inna, ya ɗage labule, ya ajiye matashinsa a gindin kujerarta. In shiru yake nema, ita ta fi malaminsa iyawa, in kuma barci ne, ya yi abinsa a ƙafafunta, ba za ta bari ko ƙuda ya sauka a kansa ba.

Ka gaishe mini da Antinmu da kyau, da Takwarar Inna, da Dogo, da ɗan ƙaramin Sarkin Kuka. Baban yara da yaran duk suna gaishe ku. Inna ba ta san na rubuto ba, da ta hana. Ɗazu da na kai mata shayi a lungun, ta tambaye ni ko ma'aikaciyar asibitin nan ta sauka, wai lissafinta ya nuna watan ya kama kuma kullum tana sa ta a addu'a. Na ce mata zan tambayi mai burodi, Yaya. Don Allah ka kira shi.

Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Uwar Magana