Habibu, ta ina kabad ɗinka yake buɗewa?

Zuwa ga ƙanena Habibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka a Kano. Na rubuta wannan a shafina ne saboda shekara uku ke nan ban kira ka ba, ban ma san lambarka ta yanzu ba. Duk wanda ya karanta ya san inda kake, don Allah ya nuna maka.

Ka tuna karafan ɗin Ammu Saleh, tsohon Balaraben nan abokin Baba? Motar nan mai ɗaki da kicin a ciki, wadda yake hawa Ɗa'ifa da ita lokacin zafi. Kai ka yi mata kabad-kabad ɗinta tun muna warshar Baba, shagonsa na kafinta a unguwar Nakkasa a nan Makka. To ga ta nan a ƙofar warshata. Jikokinsa sun raina talabijin ɗin nan biyu masu ƙaton baya, suna son na bango. Aikina in ciro tsofaffin daga kabad ɗin da ka rufe su a ciki, in kafa ƙarfe a ciki yadda sababbin ba za su faɗo ba in mota ta shiga kwana.

Da Ammu Saleh ya kawo ta, yana saukowa, kafin ya amsa gaisuwata sai da ya tambayi labarinka. Ni da zan yi aikin ina tsaye kamar turke.

Na fara da kabad ɗin ɗakin kwana. Na nemi ƙusa ko noti a jikin katakon, babu ko ɗaya. Halinka ke nan, sai ka haɗa katako da katako, ka ɓoye ɗan tsinke guda a wani lungu, in an zare shi fuskar kabad ɗin ta fito gaba ɗaya. Na yi lalube har yatsuna suka yi ciwo. Raina ya ɓaci, na sa ƙarfe na ɓanɓare, katakon ya tsage daga sama har ƙasa.

Da Ammu Saleh ya zo dubawa bai yi faɗa ba. Da ma faɗan ya yi. Shafa tsagar kawai ya yi da tafin hannu, ya juya ya fita.

Habibu, kishinka nake yi, kuma ba yau na fara ba. Na girme ka da shekara biyar, ni na koya maka riƙe zarto. Amma in Baba ya yi baƙo, aikinka yake ɗaukowa ya nuna. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Sani ƙarfi gare shi, Habibu kuwa hannu." Mutane su yi dariya, ni ma in yi, in koma gefe in huce a kan ƙusa.

Ko lokacin aikin Hajji, in mun je Mina gyaran rumfuna, ni ake ba ɗaukar kaya, kai a ba ka awo.

Ga abin da ya fi nauyi. Shekarar da aka yi kamen marasa iƙama, wato takardar zama, ranar da jawazat, jami'an shige da fice, suka tafi da kai, na yi kuka a gaban Inna, kuma kukan gaske ne. Amma da na buɗe warsha washegari na ga babu kowa sai ni, wani sanyi ya ratsa zuciyata. Na ji daɗi, Habibu. An kai ka garin da ba ka taɓa gani ba, sai ji a bakin Baba, ni kuma ina murnar yanzu sunana za a riƙa kira. Kunyar wannan ce ta hana ni kiranka, ba yawan aiki ba kamar yadda nake gaya wa Inna.

Kuma ba a kira sunan nawa ba. Har gobe "yayan Habibu" ake ce mini.

Yanzu saura kabad ɗin gaba, babban, wanda yake saman kan direba, mai zanen ganyen dabino. Kwana biyu ina hawa kujera ina kallonsa. Wallahi ya yi kyau, har haushi yake ba ni. Da ƙarfe minti biyar ya ishe ni, kuma wani ɓangare na zuciyata yana son jin ƙarar tsagewarsa. Sau biyu ina ɗaukar ƙarfen ina ajiyewa. Baba ya rasu, an rushe warsharmu ta Nakkasa, a duk Makka ban san wani aikinka da ya rage a tsaye ba sai wannan.

Ammu Saleh zai zo ɗaukar motarsa ranar Alhamis.

Tunda muke ban taɓa tambayarka yadda ake yin komai ba. Yau ina tambaya, a gaban duk masu karantawa. Ka fi ni iyawa, ƙanena. Ina ka ɓoye tsinken?

Allah ya jiƙan Baba, ya yi wa hannunka albarka, ya wanke mini zuciya. Allah ya sake kawo ka garin da aka haife ka, ko da Umara ce, ka same ni da rai.

Yayanka,
Sani