Kwalin Gwajin Kawu

Litinin, 8 ga Satumba

Na buɗe shagonmu na wanke hotuna da safe, na kunna kwamfuta, sai ga jan rubutu ya cika fuskarta. Wai ɓarayin intanet ne suka kulle duk abin da ke ciki, in ba mu biya kuɗin fansa cikin kwana biyar ba, mun rasa shi har abada. Na danna hoto ɗaya, bai buɗe ba. Na danna goma, haka. Kawu, mai shagon, ya shigo yana tambayar me ya sa ban fara wanke hotuna ba, na ce wuta ce ke wasa. Ƙarya na yi masa ido cikin ido.

Hotunan taro ba su dame ni ba, masu ɗauka suna da nasu. Na wata kwastomarmu, Maman 'yan biyu, ne ke cin raina. Hotunan marigayi mijinta ne, na kwashe su daga wayarta mako biyu da suka wuce, washegari wayar ta mutu murus. Babu su a ko'ina sai a wurinmu. Albam take so, don yaran su tashi da sanin fuskar ubansu.

Talata, 9 ga Satumba

Injiniya mai gyara mana kwamfuta ya zo. Kafin ya zauna ya fizge wayar intanet. Ya tambaya ko na buɗe wani saƙo kwanan nan. Na buɗe mana. Ranar Juma'a imel ya shigo, wai wata makaranta ce ke son hotunan ɗalibai, ga jerin sunaye a maƙale. Na danna, ban ga komai ba, na yi tsaki na ci gaba da aikina.

Sai ya ce, "Ba komai, ina faifan ajiyarku?" Na nuna masa shi a bayan kwamfuta, a jone, fitilarsa na ƙyaftawa. Ya cire tabarau ya dube ni. "A jone yake kwana? To ai shi ma sun kulle shi."

Ni na jawo wannan. Shekara da shekaru Kawu yana zare faifan nan duk yamma, ya sa a aljihu ya tafi da shi gida. Da ya damƙa mini kula da shago na ce wannan aikin mutanen da ne, wata rana sai ya faɗi a hanya, a bar shi a jone yana kwafa da kansa. Har dariya na yi masa.

Laraba, 10 ga Satumba

Maman 'yan biyu ta kira sau uku. Na kife wayar.

Alhamis, 11 ga Satumba

Na faɗa wa Kawu komai. Na so ya yi faɗa, da na samu sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Uwata, ita matar nan ta sani?" Na girgiza kai. Ya ce, "To wannan ya fi kwamfutar nauyi."

Na roƙi Injiniya mu biya su kawai. Ya ce wasu sun biya ba a buɗe musu ba, wasu kuma an buɗe, aka dawo musu bayan wata biyu tunda an ga suna biya. Ya sa mun kai rahoto wurin hukuma, mun canja duk kalmomin sirri. Tsoro nake ji, wallahi, ko ƙarar shigowar saƙo na ji sai gabana ya faɗi.

Juma'a, 12 ga Satumba

Maman 'yan biyu ta zo da kanta. Na ba ta kujera, na faɗa mata gaskiya ina kallon ƙasa. Ta ce, "Ko guda ɗaya, 'yar uwa?"

Kawu ya tashi ya shiga ɗakin baya. Muka ji yana jan abu. Kwalin gwajinsa ne. Duk aikin da aka kawo sai ya wanke 'yan ƙanana ya duba launi, waɗanda ba su yi ba ya rubuta kwanan wata a bayansu ya jefa a kwalin. Sau uku ina cewa a ƙone tarkacen nan, gidan kyankyasai ne kawai.

Mu uku muka zauna a ƙasa muna tonawa. Bakwai muka samu. Ɗaya da layi a tsakiya, ɗaya ja ya yi masa yawa, shi ne wanda marigayin ke riƙe da jariran, ɗaya a kowane hannu. Ta ce, "Shi da yake baƙi wuluk, ku ga yadda kuka mayar da shi!" Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Bakwai cikin fiye da ɗari. Ta gode mana, godiyar ta fi zagi ciwo.

Asabar, 13 ga Satumba

Wa'adinsu ya cika yau. Ba mu biya ba. Sauran hotunan sun tafi.

Laraba, 17 ga Satumba

Injiniya ya goge kwamfutar tas, ya sake zuba mata komai. Faifan ajiya biyu ne yanzu, ɗaya yana gida, ana musanya su. Duk saƙo mai maƙale da wani abu sai na kira wanda ya aiko kafin in taɓa. Kawu ya ɗauki hotunan bakwai ya gyara su, albam ɗin siriri ne amma ta karɓa da hannu biyu.

Da yamma ya ga ina zare faifai ina sawa a jaka. Tari kawai ya yi.

Wani gwaji ya fito mini shuɗi yau. Na nufi kwandon shara da shi, sai na ga na rubuta kwanan wata a bayansa na sa a kwali. Kwandon ne ya kusa cika, shi ya sa.